Brian Epstein bai koya wa Beatles waƙa ba, amma ga abin da ya yi musu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne manajansu ne ya gina Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, ko kuwa yaran da baiwarsu suka zo, shi dai ya tsinci dami a kala. Tambayar ta taɓa ni, domin na yi shekara shida ina riƙe da wasu matasa mawaƙa su huɗu. Ni ke nemo musu wurin wasa, ni ke karɓo kuɗi in raba. A wannan tsakanin ne na koma na bi tarihin manajan nasu, Brian Epstein, da idon wanda ya ɗanɗana aikin.

Waƙa dai ba shi ya ba su ba. Ranar 9 ga Nuwamba 1961 da ya fara sauka cikin kulob ɗin Cavern da ke Liverpool ya gan su, sun riga sun je Hamburg ta ƙasar Jamus har sau biyu, inda suke kiɗa na sa'o'i masu yawa kowane dare har hannunsu ya faɗa. Wani mai suna Allan Williams ne ya shirya musu tafiyar farko a watan Agustan 1960, daga baya suka ɓata da shi a kan kamasho. Shi kuwa Epstein shekararsa 27 a lokacin, yana kula da sashen sayar da faifai a shagon gidansu mai suna NEMS, kuma bai taɓa riƙe ƙungiyar mawaƙa ba. Ɗan kasuwa ne mai tsabta da tsari, mai son wasan kwaikwayo, shi ke nan jarinsa.

Bayan sun sa hannu a yarjejeniya a watan Janairun 1962, sai ya fara da abin da ido ke gani. Ya raba su da rigunan fata da wandon jins, ya kai su wurin tela aka ɗinka musu kwat iri ɗaya. Ya hana su shan taba da cin abinci da ashar a kan dandamali, ya sa suna rusunawa tare idan sun gama waƙa. John Lennon, ɗaya daga cikinsu, ya koka da wannan daga baya, yana ganin an rage musu zafinsu, kuma na fahimce shi. Sai dai a Ingila ta 1962, masu gidan talabijin da manyan ɗakunan wasa ba sa buɗe ƙofa ga yaran da suka yi kama da 'yan tasha. Ni ma rigimata ta farko da yarana ba ta kuɗi ba ce, ta zuwa kan lokaci ce. Ranar da muka fara isa wurin biki kafin ango da abokansa su zauna, a ranar muka samu gayyata biyu.

Sai nacin ƙwanƙwasa ƙofa. Kamfanin faifai na Decca ya saurare su ranar 1 ga Janairu 1962 ya ce ba ya so. Epstein ya ɗauki wannan rikodin ya yi ta zarya tsakanin Liverpool da Landan ana korarsa, abin da ya sa ma ake ba shi kujera shi ne shagonsa babban mai sayen faifai ne a arewacin Ingila. A haka har ya dace da George Martin, mai shirya rikodi a Parlophone, wani reshen kamfanin faifai na EMI, wanda ya kira su situdiyon Abbey Road ranar 6 ga Yuni 1962. A watan Oktoba faifansu na farko, Love Me Do, ya fita ya kai matsayi na 17.

Amma wurin da na fi ganin nauyin aikin manaja shi ne maganar Pete Best, mai ganga. Shekara biyu yana tare da su, ya sha wahalar Hamburg da su, yana da masoya masu yawa a Liverpool. George Martin bai gamsu da kiɗansa ba, sauran ukun kuma, wato Lennon da Paul McCartney da George Harrison, zuciyarsu ta riga ta koma kan wani mai ganga, Ringo Starr. Cikinsu babu wanda ya iya kallon idonsa ya faɗa masa. Epstein suka tura, shi ya kira shi ofis ranar 16 ga Agusta 1962 ya sallame shi, shi ya sha zagin masoyan Best a gari. Ɗan'uwa, na taɓa yin irin wannan zama. Wani yaro ne cikin nawa, mai ladabi, wanda mahaifiyarsa da kanta ta damƙa mini shi, amma muryarsa ta kasa bin sauran. Abokansa suka zo mini da dare suka ce in yi magana, kashegari kuma suka yi kamar ba su san zancen ba. Na faɗa masa, ya yi shiru, ya ce ya gode. Har yau in na tuna yadda ya naɗe rigarsa ta wasa ya ajiye a kan benci, raina yana ɓaci. Manaja yana ɗaukar wannan kaya ne don sauran su ci gaba da haɗa ido da juna.

Yana da hangen nesa kuma. Lokacin da za su shiga Amurka, ya yarda da kuɗi kaɗan a shirin talabijin na Ed Sullivan, da sharaɗin su ne za a sa a kan gaba. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 mutum kusan miliyan 73 suka kalle su.

To, ga inda ba zan kare shi ba: takardun kuɗi. Yarjejeniyar farko da EMI ta ba su kwabo ɗaya a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, su huɗu su raba, bayan an cire kason manaja. Manyanmu da suka kashe fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san abin da kwabo yake. Kayan da ake bugawa da hotonsu kuma, riguna da 'yartsana da sauransu, an miƙa cinikinsu ga wani kamfani mai suna Seltaeb a kan su karɓi kashi 10 cikin 100 kawai, kamfanin ya riƙe 90. An gyara kason daga baya, amma bayan dukiya mai yawa ta wuce. Haka mallakar waƙoƙin Lennon da McCartney ta shiga kamfanin Northern Songs a 1963, inda su ba su da rinjaye, aka sayar wa wani kamfani mai suna ATV a 1969, har Michael Jackson ya saye sashen waƙoƙi na ATV ɗin a 1985. Ba cuta Epstein ya yi musu ba, rashin sani ne. Ni ma na taɓa sa hannu a takardar wani ɗan kasuwa da ya biya mu dunƙule ɗaya a kan waƙoƙi takwas. Mun yi murna a ranar, shekara uku yana ci mu muna kallo. Shi ya sa duk wanda ya ce mini zai riƙe mawaƙa nake ce masa ya nemi lauya kafin ya nemi tela.

Don ka ga yadda hannun manaja ke sauya ƙungiya, dubi wata ƙungiyar mawaƙan Ingila, Rolling Stones. Andrew Loog Oldham ya taɓa yi wa Epstein aikin talla na ɗan lokaci, ya karɓi Stones a 1963 yana ɗan shekara 19, sai ya bi kishiyar hanya: ya tallata su a matsayin gagararrun yaran da iyaye ke tsoro. Ya cire Ian Stewart mai fiyano daga sahun gaba don kamanninsa ba su dace da hoton da yake so ba, ya matsa wa Mick Jagger da Keith Richards su fara rubuta waƙoƙinsu da kansu. A fannin mallakar rikodin ma ya fi Epstein wayo, don shi ke ɗaukar waƙa ya ba Decca haya.

Beatles sun daina yawon wasa bayan 29 ga Agusta 1966 a San Francisco, aikin Epstein ya ragu sosai. Ya mutu ranar 27 ga Agusta 1967 yana da shekara 32, sanadiyyar maganin barci da ya yi masa yawa. Daga nan babu sauran mutum ɗaya da su huɗun suka yarda da shi a kan kuɗinsu. A 1969 Lennon da Harrison da Starr suka zaɓi Allen Klein ya zama manajansu, McCartney ya tsaya a kan surukinsa Lee Eastman. A ranar ƙarshe ta shekarar 1970 McCartney ya shigar da ƙarar sauran ukun a babbar kotun Landan, yana neman a raba haɗin gwiwarsu.