An yi mini aikin sankarar mama, na kasa girkina: ina da laifi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Mako shida ke nan da aka cire mini mama ɗaya saboda ciwon daji, har da kaluluwar hammata. An sallame ni, ɗinki ya kama, amma hannun ba ya ɗaguwa sosai, ga gajiya, kuma za a fara mini allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Mu biyu ne a gidan, ina da yara biyar, surukata ma tana tare da mu. An fara cewa tunda na miƙe ai na warke, in karɓi girkina, in ba haka ba kwanana ya koma wajen abokiyar zamana. Ina da laifi wurin Allah idan na kasa? Yaya kuma zan yi da salla da wanka da bashin azumi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ce.

Ba ki da laifi. Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 286, ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Idan tsayuwa a sallar farilla, wadda rukuni ce, tana faɗuwa daga kan mara lafiya, to tuƙa tuwon mutum goma ya fi cancantar faɗuwa.

Malamai sun yi saɓani tun asali kan ko aikin gida wajibi ne a kan mace mai cikakkiyar lafiya. Shafi'iyya da mafi yawan Hanbaliyya suna ganin kyautatawa ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya kawo a Muhtasar cewa idan miji mai hali ne kuma matar irin wadda ake yi wa hidima ce, shi zai samo mai aiki. In ba haka ba, aikin cikin gida kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa yana kanta. Masu sharhi suka ƙara da cewa hidimar ta mijin ce, ban da baƙinsa. Hidimar mahaifiyarsa kuwa a wuyan ɗanta take, abin da kika yi mata alheri ne da za ki samu ladarsa. Duk wannan magana ce kan mai lafiya. A kan mara lafiya, Imam Nawawi ya faɗa ƙarara a littafinsa Minhaj cewa matar da ta saba yi wa kanta aiki, idan ta buƙaci mai hidima saboda ciwo, wajibi ne miji ya samar mata. Wannan shi ne abin da nake ba da fatawa da shi, domin shi ya dace da umarnin Suratun Nisa'i, aya ta 19, na a zauna da mata da kyautatawa.

Masu cewa kin warke suna kallon ɗinkin waje ne. Wanda aka cire wa kaluluwar hammata, hanyar da ruwan jiki ke bi ya bar hannun ta ragu, shi ya sa hannun kan iya kumbura ko bayan watanni, kuma ƙuna ko yanka a wannan hannun kan saurin zama matsala. Likitoci kan hana ɗaukar nauyi na makonni bayan irin wannan aiki, sannan su ce a koma a hankali tare da motsa hannun kamar yadda suka koyar. Ki duba aikin gidan Bahaushe: daka, jan guga, matse zannuwa a wanki, sauke tukunya daga murhu, cilla yaro baya a goya shi. Kusan babu wanda ba kafaɗa yake ci ba. Kemo kuma yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, yana kawo kasalar da barci ba ya gusarwa. A wurin malaman fiƙihu, maganar ƙwararren likita amintacce hujja ce wajen gane abin da zai ƙara ciwo ko ya jinkirta waraka. Saboda haka abin da likitanki ya hana ki, bai halatta a tilasta miki shi ba, ke ma bai halatta ki jefa kanki cikinsa don gudun surutu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Batun kwana shi ne ya fi damuna a tambayarki. Al'adarmu ce ta ɗaure girki da kwana wuri guda, har muke cewa "yau girkin wance ne" muna nufin duka biyun. Shari'a ba ta ɗaure su ba. Rabon kwana haƙƙin zama ne da ɗebe kewa, kuma Halil ya bayyana cewa yana wajaba ko da saduwa ba za ta yiwu ba. Mara lafiya tana da kwananta cif, kamar yadda mai haila da mai jego suke da nasu. Ba ya faɗuwa sai idan ke kika bayar da ranki yana so, kamar yadda Uwar Muminai Sauda ta ba Nana A'isha nata, kuma kina da ikon karɓar abinki a gaba. Mace da aka cire wa wani sashe na jikinta tana ɗauke da tsoron ko mijinta ya daina ganinta yadda yake ganinta da. A ƙaurace wa ɗakinta a daidai wannan lokaci zalunci ne, ko da an kira shi tsarin gida.

Ga maigida nake cewa: Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, kuma Annabi ya ce masa yana da lada da rabon wanda ya halarta. Buhari ya ruwaito wannan. Ya kuma ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Ka ɗauko mai aiki in da hali, ko 'yar'uwarta ta zo ta zauna, manyan yara su karɓi wanke-wanke da shara. Abokiyar zama idan ta riƙe tukunya a gode mata, a ƙara mata abin hannu, domin ita ma ba a wajabta mata ɗaukar nauyin wata ba. Kai ne kuma za ka yi wa Hajiya mahaifiyarka bayani cikin ladabi, kada ka bar matarka tana kare kanta. A kuma sani ciwon daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, babu dalilin ware mata kwano.

Salla: Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ki yi kowane rukuni gwargwadon ikonki. In kina iya tsayuwa amma dafa ƙasa na jawo zafi, ki tsaya ki yi karatu da ruku'u, ki zauna ki yi nuni da sujada, ki sunkuya fiye da na ruku'u. Ɗaga hannu wajen kabbara ba farilla ba ne. A ranakun da kemo ya kwantar da ke, an yi sauƙin haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i, ba tare da ƙasaru ba.

Wanka: ki wanke inda yake lafiya, ki shafa a kan bandeji idan akwai. Inda hannu bai kai ba ki cuɗa da tsumma ko mijinki ya taimaka, in duka sun gagara zuba ruwa ya wadatar. Idan ruwan kansa zai cutar, sai taimama.

Azumi: bashi ne ba na gaggawa ba. Ki rama bayan an gama magani likita ya yarje. Ko wani Ramadan ya riske ki kina cikin ciwo, ramuwa kawai ke kanki, babu ciyarwa, domin ciyarwa a kan wanda ya yi sakaci take. Nafilfilin da kika saba kuwa, hadisin Abu Musa a Buhari ya nuna ana rubuta wa mara lafiya irin abin da yake yi yana lafiya.

Ban ce ki kwanta ki daina komai ba. Likitoci ma sun fi son motsi mai sauƙi. Ki fara da abin da ake yi a zaune: tsintar shinkafa, gyaran ganye, bitar karatun yara, ki riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da maigida, ki tambayi likita a gabansa nauyin da za ki iya ɗauka da lokacin da za ki iya komawa murhu. Idan kuma zazzaɓi ya kama ki a tsakiyar kemo, ko hannun ya kumbura ya yi ja, ki bar duk abin da kike yi a kai ki asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.