Yarona ya dawo daga mitin da bakin da ba nasa ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗana tun da ya fara bin mitin ɗin siyasa bakinsa ya canza, in ka ce shinkafa ta yi tsada sai ya ce kana son tada fitina, maƙwabtanmu da muka shekara 30 tare yanzu wai baƙi ne. Ƙanwata ta ce asiri aka yi masa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar da hankali. Ba asiri ba ne, kar ki kai wa wani boka kuɗinki ya ba ki rubutu, maimaita kalmomin da yake ji a mitin ne ya yi aikinsa.

Abin da ke ba ni haushi, kuma kullum sai na ji shi, shi ne masu cewa "ai mu mun waye, mu karɓi riga da jaka biyu ta sefa, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can". Wallahi ba ta fita! Kuɗin sun ƙare kafin magariba, rigar ta koɗe, kalmar kuwa tana nan daram a bakinka kana ta yi wa 'yan siyasa talla kyauta a wurin mai shayi. Kowa yana gadin kansa daga alkawarin kwalta da asibiti, wannan ko yaro ya san ƙarya ce, amma sunan da aka laƙa wa abu ba mai bincikarsa. A Fabrairun 2008 da mutane suka fito kan tsadar mai da abinci, shugaban ƙasa Paul Biya a jawabinsa ya ɗora laifin kan waɗanda ya kira 'yan koyon tsafi. Kin ga daga nan maganar farashi ta koma gefe, sai tambayar wa ya zuga su. Watan Afrilun shekarar aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki.

Haka "zaman lafiya". Wa zai ce ba ya so? Amma in tafinta ya juya shi da Fillanci da Hausa sau goma a mitin guda, har da zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, a hankali sai ya koma yana nufin yi shiru.

Baƙin nan ma ba ɗanki ya ƙirƙiro ba. Tsarin mulkin 1996 ya shigo da maganar 'yan asalin wuri, har shugaban majalisar yanki dole ya zama ɗan asali. Abin da ke ƙona min rai, mu Hausawa ma muna shan wannan suna, mutum kakansa a Marwa aka binne shi amma a ce masa alojen, wato baƙo da Faransanci.

Kar ki yi masa faɗa, zai ƙara kafewa. In ya ce baƙi, ki ce wane daga ciki, wanda ya yi maka huɗuba ran suna ko matarsa da ta goya ka? Ki sa shi ya faɗi sunan da bakinsa.