Birki ya ƙwace min na kaɗe mutum ya rasu: me ke kaina?

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, ina kawo tumatir kasuwar Mile 12 da ke Legas. Birki ya ƙwace min na kaɗe wani mai turin baro, ya cika a asibiti. Danginsa sun ce sun yafe. Akwai sauran wani abu a kaina?

Amsa: Allah Ya jiƙan mamacin. Ɗan'uwa, wannan shi ne kisan kuskure: rai ya salwanta ta hannunka alhali ba ka nufe shi da kisa ko duka ba. Babu ƙisasi a cikinsa. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu: diyya da kaffara.

Diyya haƙƙin magada ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000, kimanin kilo 4.25 na zinariya, kuma danginka na wajen uba ke haɗa ta cikin shekara uku. In magada suka yafe ta faɗi. Sai dai ka bincika su waye suka yafe. Sau da yawa 'yan garinsu da ke nan Legas ne ke cewa "mun bar wa Allah" a zaman sulhu gaban sarkin Hausawa, matarsa da 'ya'yansa suna can Arewa ba a ko tuntuɓe su ba. Wannan yafiya ba ta zauna ba. Rabon maraya kuwa, ba mai ikon kyautar da shi.

Kaffara haƙƙin Allah ce, yafewar dangi ba ta ɗauke ta. Tun da babu bawan da za a 'yanta, azumin wata biyu ne a jere. Ka sha kwana ɗaya ba uzuri, sai ka faro daga farko. Mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ba su yarda a musanya shi da ciyarwa ba.

Saura maganar birki. Da motarka lafiya lau take, kana tafiya a ƙa'ida, mutum ya faɗo maka ta inda ba makawa, da malamai da dama sun ce babu komai a kanka. Amma in ka ji birki yana laushi tun a Ogere, kan hanyar Ibadan zuwa Legas, ka ce bari dai in sauke kaya kafin tumatir ya ruɓe, sakaci ya tabbata, har da zunubin gangancin da sai ka tuba daga gare shi. Kai ka san wanne ne naka.

Legas kuma ba ta da kotun Shari'a mai hukunta laifuka. Gwamnati ce ke gurfanarwa a ƙarƙashin dokokinta, kuma yafiyar dangi ba ta rufe fayil ɗin 'yan sanda kai tsaye. Ka nemi lauya, kada ka gudu.

Wallahu a'alam.