Wankan Kare da Maganin Kaska: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maigadi ne a wani gida da ke Lekki, kuma cikin aikina har da kula da karnukan maigidana guda biyu, manya ne irin Boerboel. Kowace Asabar nakan yi musu wanka da omo, domin shi ne yake fitar da warin jikinsu, kuma a farkon wata, da zarar na gama wankan, sai in ɗiga musu maganin kaska na cikin ɗan bututun roba wanda maigida yake sayowa. Amma ba a yin mako biyu sai in ga kaska ta sake cika musu kunnuwa da tsakanin yatsu. Yanzu maigida ya fara zargin ko ba na saka maganin, ni kuwa ina zargin ko jabu ake sayar masa. Don Allah a ba ni shawara kafin abin ya taɓa mini aiki. Daga wani mai karatu, Lekki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jabun magani yana nan a kasuwa, kuma yana da kyau a riƙa duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwali, amma daga abin da ka bayyana ba na jin can matsalar take. Ina ganin wankan da kake yi da kyakkyawar niyya shi ne yake kwashe maganin, kuma idan ka fahimci yadda irin wannan magani yake aiki, za ka iya yi wa maigidanka bayani da bakinka.

Da yawa daga cikin magungunan da ake ɗigawa a bayan wuya, musamman masu sinadarin fipronil irin su Frontline, da masu imidacloprid haɗe da permethrin irin su Advantix, aikinsu a saman fata yake, ba a cikin jini ba. Fatar kare tana fitar da wani maiƙo daga ƙananan jakunkuna da ke gindin gashi, kuma wannan maiƙon ne yake ɗaukar maganin daga inda aka ɗiga shi, ya bi da shi a hankali har zuwa ƙafafu da gindin wutsiya, kamar yadda kananzir yake bin lagwani. Wannan tafiya takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Bayan haka fipronil yakan taru a cikin jakunkunan nan, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan tare da maiƙon, shi ya sa ɗigo ɗaya yake iya tsare kare daga kaska har kimanin wata guda.

To, omo kuwa don cire maiƙo aka yi shi. Idan ka wanke kare da shi, ka ɗiga magani nan take a kan jiƙaƙƙiyar fatar da ba ta da sauran maiƙo, maganin ba shi da abin da zai bi ya bazu, sai ya tsaya a wuya, wani ma ya gangare tare da ruwa. Sannan Asabar mai zuwa ka sake zuwa da omo ka wanke ɗan abin da ya rage. Ga kuma wata illar, fatar kare ta fi ta mutum saurin jin ciwo daga sabulu mai ƙarfi, don haka wankan omo na kowane mako yana busar da ita, ya kawo ƙaiƙayi da amosani da ƙuraje, wanda sau da yawa shi ne yake ƙara warin da kake ƙoƙarin kawarwa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka raba ranar wanka da ranar magani. Idan ka yi wanka ranar Asabar, ka bari sai Litinin, lokacin da fata ta bushe sarai kuma maiƙonta ya fara dawowa, sannan ka ɗiga. Bayan ka ɗiga, kada ruwa ya taɓa su aƙalla sa'o'i 48, kuma wannan sharaɗin a rubuce yake a takardar yawancin magungunan fipronil. Cikin sauran watan, wanka ɗaya ko biyu ya isa, kuma da sabulun ruwa da aka yi musamman don karnuka, marar ƙarfi. A tsakani, ka riƙa taje su da buroshi kullum, ka goge ƙafafu da ciki da jiƙaƙƙen tsumma idan sun shiga taɓo. Idan duk da haka wari bai tafi ba, ka leƙa cikin kunnuwa da matse-matsin fata, domin warin kare a wuri mai laima irin Legas yakan fito ne daga ciwon kunne ko na fata, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne.

Yadda ake ɗigawar ma yana da muhimmanci, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Ka sa safar hannu ta roba, ka buɗe gashin da yatsu biyu a tsakanin kafaɗu har sai ka ga fata da idonka, ka ɗora bakin bututun a kanta, sannan ka matse shi duka. Ga babban kare, gara a raba shi wuri biyu ko uku a doron wuya da tsakanin kafaɗu, inda harshensa ba zai kai ba, don kada ya taru wuri ɗaya ya zubo ta gefe. Kada a murza da hannu, kuma a raba karnukan biyu har wurin ya bushe don kada su lashi juna. Ka kuma duba nauyin da aka rubuta a kwalin. Ana sayar da irin wannan magani bisa nauyi, misali kilo 2 zuwa 10, 10 zuwa 20, 20 zuwa 40, da 40 zuwa 60, kuma Boerboel da ya gama girma yakan wuce kilo 50. Idan ana sayo na matsakaicin kare saboda ya fi araha, ko ana raba bututu ɗaya ga karnuka biyu, to tun farko maganin bai isa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kai da maigida ku sani game da ita kanta kaskar. Fipronil ba ya korar kaska, sai ta hau jikin kare ta taɓa maganin sannan ta mutu, kuma hakan na iya kai kwana biyu. Saboda haka ganin kaska a jikin kare ba ya nuna cewa magani ya gaza. Ka ciro wasu ka duba. Idan ƙanana ne, shafaffu, busassu, to magani yana aiki, sababbi ne suke ta hawa. Idan kuwa ka tarar da manya da suka ƙoshi da jini suka kumbura kamar za su fashe, to sun daɗe suna sha, kuma maganin ya yi rauni.

Daga ina sababbin suke fitowa? Kaskar da ta fi addabar karnuka a birane, jar kaskar nan da masana ke kira Rhipicephalus sanguineus, a cikin gida take rayuwa. Takan hau kare sau uku a rayuwarta, kuma duk lokacin da ta ƙoshi sai ta sauka ta ɓuya. Macen da ta cika da jini takan hau bango ta shige tsaga, ko bayan ƙofa, ko ƙarƙashin kwanon rufin ɗakin kare, ta zuba ƙwai dubbai, kuma a yanayin zafi cikin kimanin wata biyu sabon zubi ya girma ya fara nasa ƙwan. Ka ɗauki tocila da dare ka haska saman bangon ɗakinsu da kusurwoyi, ina kyautata zaton za ka ga abin da zai ba ka mamaki. Sai an fitar da karnukan, an share, an yi feshin maganin kaska da likitan dabbobi ya zaɓa, an maimaita bayan 'yan makonni, an kuma liƙe tsagogin da siminti, sannan za a ga sauƙi mai ɗorewa.

Idan maigida ya dage sai an yi wanka kowane mako, to ya tambayi likita game da magungunan da kare yake taunawa ya haɗiye, irin su NexGard da Simparica na wata-wata, ko Bravecto mai kai kimanin makonni 12. Waɗannan a cikin jini suke, wanka ba ya rage su. Sun fi tsada, kuma a shekarar 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu karnuka sukan samu rawar jiki ko farfaɗiya bayan shan su, don haka dole a sanar da likita idan kare ya taɓa yin farfaɗiya. Game da zargin da ake yi maka kuwa, ka roƙi maigida ya tsaya a ɗiga maganin a gabansa, ka rubuta kwanan watan, ka ajiye masa bututun da ya ƙare.

Tambaya: Muna da karen gadi ɗaya da kyanwa, kuma ƙuma ta addabe su, har ta fara cizon yara a ƙafa. Maƙwabciyata ta ce in zuba fiya-fiya kaɗan a ruwan wankan karen, wani kuma ya ce a sayo maganin kaskar shanu a kara. Wanne ya fi? Daga wata uwa, Agege.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi ko ɗaya. Fiya-fiya da dangoginta, masu sinadarin dichlorvos, guba ce da take ratsa fata ta shiga jini, ta kare da ta wanda yake wankan duka, kuma saboda haɗarinta ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni tun shekarar 2019. Karen da ta kama yakan fara dalalar da miyau, ya yi amai da zawo, jikinsa ya ɗauki rawa, numfashi ya yi masa wuya, kuma yana iya mutuwa cikin sa'o'i. Maganin shanu kuwa an auna ƙarfinsa ne don dabba mai nauyin ɗaruruwan kilo. Akwai nau'in amitraz da ake yi wa kare wanka da shi, amma likita ne yake faɗin yawan ruwan da za a surka, kuma bai dace da kyanwa ba. Haka nan kananzir da baƙin mai da magungunan wanke banɗaki, duk suna ƙona fata.

Idan har irin wannan guba ta riga ta taɓa dabba, a sa safar hannu a wanke ta nan da nan da ruwa mai yawa da sabulun wanke-wanke, domin a wannan halin cire maiƙon tare da gubar ake so, sannan a garzaya asibitin dabbobi da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura manja ko madara kamar yadda aka saba, domin dabbar da jikinta ke rawa tana iya shaƙe su su shiga huhu, kuma lokacin da aka ɓata yana iya zama sanadin rasa ta.

Tun da kina da kyanwa, ki karanta kwali da kyau kafin ki sayi na ɗigawa. Duk maganin kare mai permethrin yana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya narkar da shi, ko da ta goga jikinta ne kawai da karen da aka ɗiga wa. Ki sayi na kare daban, na kyanwa daban, ki yi musu rana ɗaya, domin idan aka bar ɗaya, shi zai ci gaba da kiwon ƙumar. Wanka yana kashe ƙumar da ke jiki a wannan lokacin kawai. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan yana zubewa a shimfiɗa da tabarma da tsagar daɓe, kuma wasu sukan kwanta cikin kwansonsu har watanni kafin su fito, su ne masu cizon yara. Ki wanke shimfiɗun dabbobin da ruwan zafi ki shanya a rana, a riƙa share lungu-lungu, a ci gaba da magani wata uku a jere ko da an daina ganin ƙuma. Ki kuma nemi a ba su maganin tsutsar ciki, domin kare ko kyanwa da suka haɗiye ƙuma sukan kamu da farar tsutsa. Idan akwai tankin tarwaɗa a gidan, kamar yadda ake samu a gidaje da yawa a Legas, kada ruwan wankan kare ya kusance shi, domin fipronil da permethrin suna kashe kifi. Yara kuma kada su taɓa dabbar sai wurin maganin ya bushe.

Tambaya: Na ɗiga wa karyata magani da yamma, washegari ruwan sama ya yi mata dukan tsiya. In sake ɗigawa? Tana kuma da 'yan kwikwiyo masu mako biyar. Daga wani mai karatu, Ikorodu.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sake ɗigawa da ra'ayin kanka, domin takardar magungunan fipronil tana cewa a bar aƙalla makonni 4 tsakanin ɗigo da ɗigo. Mai yiwuwa ruwan ya rage ƙarfinsa, don haka ka riƙa duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu kullum, ka cire duk kaskar da ka gani da hantsaki, ka kama ta dab da fata ka ja a hankali ba tare da ka matse cikinta ba. Nan gaba, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi, ka ajiye ta a ƙarƙashin rufi kwana biyu bayan magani. 'Yan kwikwiyon ba su kai ba, yawancin magungunan ɗigawa sai daga makonni 8, kuma tun da uwar tana shayarwa, ka nuna wa likita kwalin abin da ka saka mata, shi zai zaɓa musu feshin da ya dace da ƙanana. Ka riƙa ɗaga leɓensu kana duba dasashi. Idan ya yi fari, ko suka ƙi shan nono, ko ka ga uwar ta daina cin abinci, fitsarinta ya yi duhu ko hancinta yana jini, a kai su a gwada jininsu a ranar, domin waɗannan alamun ƙarancin jini ne da cututtukan da kaska take yaɗawa.