Direba da mutumin biro, wa ke fara gaida wani?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da aka ɗauke ka kwantabul, mai riƙe lissafi a biro, wato ofis, a kamfanin jigilar nan, direbobi ke yi maka habaici, wai su ke kawo kuɗi, kai kuwa kana zaune ƙarƙashin fanka kana ƙirga abin da ba ka yi wa gumi ba. Kana tambaya, a al'ada wa ke gaba da wani, wa kuma ya kamata ya fara gaisuwa.

Wannan gardama ta girme ka, ta girme ni. Zamanin su Malam Yaro, babban attajirin Damagaram, da fatake ke tashi daga unguwar Zango su nufi Kano, wasu su bi ta Agadas har Tarabulus, ayari ba ya motsawa da masu kaya kaɗai. Akwai madugu mai yanke magana, akwai jagaba da ya san rijiyoyi, akwai malamin da ke riƙe lissafi yana kuma yi wa tafiya addu'a. A can masauki ga fatoma, shi ke ba da ɗaki, ya adana kaya, ya nemo dillali, ya tsaya wa baƙo in an ci bashi. Fatoma bai taka rairayi ba, amma babu bafataken da ya raina shi, don in ya juya maka baya, kayanka a rana za su kwana. Kujerarka ta malamin ayari ce, da ɗan ɓurɓushin ta fatoma.

Sai dai ka san abin da ya sa aka ajiye ka. Kamfaninku da tayar mota yake ci. Biro, mangaza, gareji, har mai gadi, duk an kafa su ne don kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi kan lokaci ya dawo lafiya. Na ga haka da idona zamanin cinikin gyaɗa, kafin farin 1973 ya karya ta. A gidan da nake aiki, mai mangaza ya manta bai loda buhuna ba, motarmu ta kai Matamaye wayam. Ga gyaɗa jibge, ga sikeli, babu abin zubawa. Kwana biyu muka yi, manoma suka sayar wa wasu. Abin haushi, direba aka yi wa faɗa.

Batun gaisuwa kuwa ba ya bin muƙami. Wanda ya dawo daga tafiya shi ake yi wa sannu da hanya, ko da karen mota ne. Ka tashi ka tare shi, ka tambayi gajiya, a ba shi ruwa. Kada ka buɗe baki da "ina rasit ɗin gazuwal?" mutum bai ko kakkaɓe ƙura ba. Ƴan boko nan kuke faɗuwa, kuna zaton takarda ta fi mutum.

Amma kunya kada ta ci lissafi. In ya huta, ku zauna ku bi kuɗin hanya dala bayan dala, ko ya girmi babanka. Ka ce masa Baba, ka kuma karɓi rasit. Kai ma naka bashin yana wuyanka: takardun duwan, wato kwastan, su kammala tun dare, kuɗin guzuri ya fito kafin asuba, albashi kada ya haura wata.

In ka samu hutu, nemi izinin maigidanku ka bi mota ɗaya zuwa Agadas, ka kwana inda suke kwana. In ka dawo ka biyo ta unguwar Birni ka ba ni labari. Ka gaida innarka.