Wuƙar aljihu da tsatsar ruwan teku

Malam, ka ce kana aiki da masunta a bakin teku a Legas, kuma wuƙarka mai naɗewa ta fara jan tsatsa, har tana yi maka gardama wajen buɗewa.

Gishirin ne matsalar. Ko ruwan ya bushe, yana nan maƙale a mahaɗar wuƙar yana jawo danshi, yana cin ƙarfen. Ko wadda aka ce ba ta tsatsa, gishiri na huda mata ƙananan ramuka.

Duk ranar da ta taɓa teku, buɗe ta ka wanke da ruwan famfo da ɗan sabulu, ka sa tsohon buroshin haƙori cikin ramin da kaifin ke kwanciya. Goge ta, ka bar ta a buɗe ta bushe sarai. Sannan ka ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar, ka buɗe ka rufe har man ya shiga. Ni da na taɓa rufe tawa a jiƙe na kwana, da safe na tarar da jan layi daidai inda kaifin ya kwanta.

Tsatsar da ta riga ta hau, shafa mata lemun tsami, ka ba ta minti 10, ka dirje da soson ƙarfe mai laushi, ka wanke nan take. Kada ka bar ta cikin tsami ta kwana, ƙarfen zai yi baƙi. Kada kuma ka sa man gyaɗa a madadin man keken ɗinki, danƙo yake yi.

In makullinta, wato abin da ke riƙe kaifin a buɗe, ya daina riƙewa, kai wa maƙeri ya duba, don za ta iya naɗewa a kan yatsanka.