Amsa: Me ya durƙusar da birnin Detroit?

Malam, ka tambayi abin da ya karya Detroit ta ƙasar Amurka. Ai mota ce ta ɗaga ta, dogaro da mota kaɗai kuma ya kayar da ita. Da Henry Ford, mai kamfanin motoci na Ford, ya fara biyan lebura dala 5 a rana a 1914, jama'a suka yi ta kwarara, ciki har da baƙaƙen fata daga jihohin kudancin ƙasar, har mazauna birnin suka haura miliyan 1.8 a 1950. Sai masana'antu suka koma bayan gari, masu hali suka bi su da harajinsu, tarzomar 1967 ta ƙara ingiza su. Motocin Japan marasa shan mai sosai kuma suka ci kasuwa. Ko kamfanin waƙa na Motown ma ya tattara ya koma Los Angeles a 1972. A 2013 birnin ya kasa biyan bashin kusan dala biliyan 18, unguwanni cike da kangaye, fitilun titi da yawa a mace.